Motar da aka mayar ɗakin kwana ta riƙa tafasa a hawa: nazarin lamarin wani ɗan fansho a Jos

Asalin lamarin: 2022 zuwa Yunin 2023

Mutumin da wannan nazari ya shafa tsohon ma'aikacin gwamnati ne mazaunin Jos. Ya yi ritaya a 2022 bayan ya cika shekara 35 a bakin aiki, yana dab da shekara 60 a duniya. Burinsa shi ne shi da mai ɗakinsa su zaga wuraren da suka daɗe suna jin labarinsu, irin su Yankari da tsaunin Mambila da Obudu, ba tare da biyan kuɗin otal kowane dare ba. Akwai kuma dalili na lafiya. Hajiya na fama da ciwon suga, abincinta sai wanda ta dafa da hannunta, allurarta kuma tana buƙatar sanyi.

A farkon 2023 ya cire wani kaso daga kuɗin sallamarsa ya sayi Toyota Hiace 'yar Kwatano, ƙirar da ta fara fitowa a 2004, wadda 'yan tasha ke kira Homa. Doguwa ce mai dogon rufi, injin fetur mai lita 2.7, giyar hannu, ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki. A wannan ƙirar inji yana ƙarƙashin kujerun gaba, lagireto kuwa yana can cikin hancin motar da fankokin lantarki biyu a bayansa, dogayen bututu ne ke kai ruwa su komo da shi.

An cire kujerun baya duka. Mai walda ya haɗa gado da ƙarfe mai kauri. Kafinta ya yi kabad-kabad da katakon MDF mai kaurin milimita 18, falle tara, irin wanda ake ƙawata kicin ɗin gida da shi. An shimfiɗa tayil a ƙasa don sauƙin gogewa. Tankin ruwa mai cin lita 250 aka girka a can ƙurya, bayan tayoyin baya, domin tiyo ya fita ta ƙofar baya lokacin alwala da wanke-wanke. Sai manyan batiran inbata biyu masu 200Ah kowanne, da inbata, da firjin gida, da janareta, da tukunyar gas mai kilo 12.5. A saman rufi aka ɗora kariya ta ƙarfe, wato maɗorin kaya, a kanta faifan sola biyu da safaya ta biyu da jarkokin fetur huɗu masu lita 25. Jarkokin sun shigo lissafi ne bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, don Alhaji ya fi son ya sayi mansa a manyan garuruwa da ya faɗa hannun 'yan bumburutu a ƙauye. A gaba aka walda garkuwar ƙarfe mai ɗauke da fitilu huɗu, saboda shanu da hazo.

Tayoyin da motar ta zo da su ba a taɓa su ba, don zanensu bai cinye ba. Motar ma ba a auna ta ba, kafin aiki ko bayansa.

Alamar farko: Nuwamban 2023

Tafiyar gwaji Yankari aka yi, su uku, da jikansu saurayi wanda ke karɓar tuƙi. Zuwa ba a ga komai ba. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga doron teku, Bauchi kuwa wajen mita 600, saboda haka rabin hanyar gangara ce. Sun kwana biyu a sansanin Wikki.

A dawowa da rana tsaka, bayan an wuce Magama Gumau an doshi Tilden Fulani, allurar zafi ta bar tsakiya ta fara hawa. Aka kashe AC, ta ɗan sauko. Washegari da safe aka tarar ƙaramin tankin ajiyar ruwan lagireto ya ƙafe, aka zuba kimanin lita ɗaya da rabi na ruwan rijiya.

Abubuwa biyu kuma sun bayyana a wannan tafiyar waɗanda ba a haɗa su da zafin inji ba. Bayan motar ya zauna har fitilun gaba suna haska sama, masu tahowa da dare suna ta ƙyafta musu wuta. Sitiyari kuma ya yi sako-sako, musamman in babbar mota ta gifta da iska.

Gyaran farko: Disamban 2023

Bakaniken da ya saba duba wa Alhaji ƙaramar motarsa ya kwance tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa daga shiga lagireto sai inji ya ɗumama, ya miƙa masa. “Baba, wannan abin na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Mu nan ba ya yi mana komai sai riƙe ruwa.” Mai gyaran wayar mota ya haɗa fankokin dairek, da an murza makulli sai su tashi, ba sa tsayawa sai an kashe. Aka wanke lagireto da garin sabulu aka cika shi da ruwan famfo. Don maganin zaman baya, aka ƙara ganyen sifirin biyu a kowane gefe, motar ta miƙe ta yi kyan gani.

A cikin gari allura ta daina kai ko tsakiya. Da sanyin safiyar hunturun Jos sai a je Bukuru a dawo ba ta motsa sosai ba. Shan mai ya ƙaru, amma an ɗora laifin a kan ingancin fetur.

Hawan Kibo: Janairun 2024

Biki ya kai su Abuja ta hanyar Akwanga, da tanki cike da jarkoki cike. A gangaren Hawan Kibo, cikin ƙaramar hukumar Riyom, Alhaji ya saki motar firi, wato ba ta cikin giya, kamar yadda ya saba don rage shan mai, ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Kafin a kai ƙasa wari ya cika motar, birki ya yi laushi, ya taka ya ji ƙafarsa na nutsewa. Ya yi ta famfa shi, ya tura giya lamba uku da ƙyar, sannan lamba biyu, ya riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan har motar ta tsaya a gefen titi. Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba biyu. Jikan ya taɓa gangar birkin baya da bayan hannu ya ji ɗumi ne kawai. Bayan kimanin minti 40 birki ya dawo kamar ba abin da ya faru.

A Abuja aka canza fatun birkin gaba, waɗanda fuskarsu ta ƙone ta yi santsi tana ƙyalli. Man birki ba a juye shi ba, cikawa aka yi.

A dawowa, wannan hawan dai, ruwa ya tafasa har ya yi ambaliya ta ƙaramin tanki. Da aka iso Jos aka yanke shawarar lagireton ne ya yi ƙanƙanta, aka sayo mai layi biyu. Da yake ya fi na asali kauri, kejin robar da ke riƙe fankoki bai zauna ba, sai aka yanke gefunansa aka ɗaure da waya. Tsohon murfin lagireto aka mayar a kan sabon.

Mambila: Maris 2024

Hanyar da suka bi ita ce Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, daga nan Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Maris lokacin bazara ne, kwarin Binuwai kuma yana cikin wuraren da suka fi zafi a ƙasar nan. Tsakanin Numan da Jalingo tayar baya ta hagu ta fashe, ba ƙusa ba rami, gefenta ne ya tsage. Aka sa safaya aka ci gaba.

Sun kwana Serti, suka yi jinkirin tashi, suka isa Mayo Selbe, inda hawan tsaunin ke farawa, wajen azahar. Hanyar kwana-kwana ce, ba inda mota za ta ɗauki gudu. Jikan ya riƙe lamba uku, totur a ƙasa, inji na gurnani ba ya ja. Allura ta haura tsakiya, cikin 'yan mintuna ta shiga ja. Ya tsaya ya kashe inji nan take. Ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto, tururi da tafasasshen ruwa suka yi tsalle suka ƙona masa hannu zuwa gwiwa. Da abin ya lafa aka ɗebo ruwan rafi mai sanyi aka ɗura, aka kuma watsa wani a kan injin.

Motar ta tashi, amma tana karkarwa, farin hayaƙi na fita ta salansa. Da aka zaro sandar gwajin baƙin mai, man ya koma kamar shayi da madara. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, kan injin kuma, wanda na alminiyom ne a kan gangar jiki ta baƙin ƙarfe, ya lanƙwashe. Aka ja motar zuwa Serti, aka kai kan injin Jalingo aka goge fuskarsa aka daidaita, aka ɗaura sabon gasket. Sun yi fiye da mako a hanya kafin su dawo Jos, ba su ga Gembu, babban garin tsaunin, ba. Kuɗin wannan gyara kaɗai ya zarce na duk gyare-gyaren baya in an haɗa.

Awo: Mayun 2024

Motar ta yi wata guda a ajiye, ana shawarar ko a sayar ko a sa mata injin dizal. Wani dattijon bakanike da ya shafe rayuwarsa a kan manyan motocin dakon kaya ya zo dubawa. Ya zaga ta, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa tayil da makullinsa. “Alhaji, kafin in kwance ko noti ɗaya, a loda ta yadda kuke tafiya, ku shiga ku uku, mu je a auna ta.”

An yi awon a sikelin manyan motoci na wani kamfanin fasa dutse. Irin wannan sikeli yana ƙirga ne da kilo 20-20, wanda ya isa wannan aiki. Sau uku aka hau: tayoyin gaba kaɗai a kan faranti, sannan motar duka, sannan tayoyin baya kaɗai. Gaba ya ba da kilo 1,560, baya 2,140, jimilla 3,700. Iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade wa motar, da mutane da kaya da mai, kilo 3,200 ne. Ta zarce da kilo 500, kuma yawancin rarar na kan tayoyin baya.

Da aka zauna lissafi aka ga inda nauyin ya ɓuya. Fallen MDF ɗaya mai milimita 18 yana kai kusan kilo 40, tara sun haura 350. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin kaɗai 250 ban da nauyin robarsa. Kowane batir wajen kilo 60. Tayil da abin da aka kafa shi a kai sun wuce 100. Fetur lita 100 wajen kilo 75 ne, yana kuma saman rufi tare da kariya da sola da safaya, fiye da kilo 200 a wurin da ya fi kowane wuri sa mota tangaɗi a kwana.

Daga nan aka bi motar sashe-sashe. Robar murfin lagireto ta tsattsage, sifirin ɗinsa ya saki. Ɗaya daga cikin fankokin ta mutu, ba wanda ya lura, domin ƙarar ɗayar na rufe shirun 'yar'uwarta. Tsakanin lagireto da kwandensan AC an tarar da ƙaiƙayi da ƙwari da busasshiyar laka sun yi dabe. Garkuwar gaba da fitilunta da lambar mota sun tare mafi yawan ƙofar iska. Cikin sabon lagireton, wata huɗu kacal, tsatsa ta fara rina ruwan.

Man birki ya yi baƙi. A ƙarƙashin motar, kusa da aksul na baya, akwai wani bawul mai sanda da sifirin wanda ke auna yadda bodi ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in lodi ya yi yawa, ya rage in motar ba kaya. Tun da aka ƙara ganyen sifirin ba wanda ya sake saita shi.

Tayoyin na ƙaramar mota ne, lambar ɗaukar nauyinsu 96, wato kilo 710 kowace, biyu 1,420. An ɗora wa na baya 2,140. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinsu, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna 2017. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta gama wa'adinta bayan shekara huɗu daga ranar ƙira.

Gyara na biyu: Yuni zuwa Satumban 2024

Da rage nauyi aka fara, kuma nan aka fi jan rai, don kowane abu akwai mai kare shi. An fasa tayil aka shimfiɗa ledar ƙasa a kan filawud. An rushe kabad-kabad aka sake yin rabinsu da filawud mai milimita 12 da aka sayo a kasuwar Katako, sauran kaya suka koma akwatunan roba masu murfi da ake ɗaurewa da bel. Gadon ƙarfe ya koma siririn firam da katako. An fitar da tankin, jarkoki huɗu masu lita 20 suka maye gurbinsa, an jera su a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Batiran biyu sun tafi, aka sa na lithiyom ɗaya mai 200Ah wanda bai kai kilo 25 ba. Lissafin a nan shi ne batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, na lithiyom kuwa ana cin kusan dukansa, saboda haka wutar da ake mora kusan ɗaya ce. Firjin gida ya ba da wuri ga ƙaramin firjin mota mai aiki da bolt 12 kai tsaye, wanda ya isa allurar Hajiya da ɗan nama da ruwan sha, da ma'aunin zafi a ciki don a tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8. Janareta ya koma gida. Kariya da garkuwar gaba an yanke su, sola ya zauna a kan siraran sanduna, jarkar fetur ta rage ɗaya. Hajiya ta hana a taɓa turminta da tukwanenta, an bar su.

An cire ganyen sifirin da aka ƙara, an sa sababbin shokozoba. A sikelin nan dai, da mutum uku da mai cike: gaba 1,400, baya 1,380, jimilla 2,780.

Sai ɓangaren ruwa. An mayar da tamostat na asali mai buɗewa a digiri 82. An sayo lagireto daidai da girman na kamfani da kejin fanka cikakke, da sabon murfi mai matsin da aka rubuta wa motar. An canza fankar da ta mutu, an warware haɗin dairek aka mayar da su hannun kwamfutar inji, an gwada rile da fis. An wanke kwandensa daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi don kada haƙarƙarinsa su lanƙwashe. An ɗauraye bututu har ruwa ya fito fari, sannan aka zuba kulant, ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Fitar da iska ya ci lokaci saboda tsawon bututun: an ɗaga gaban motar, an bar inji na aiki da murfi a buɗe har tamostat ya buɗe kumfa ya daina fitowa, an bar ta ta huce, washegari aka sake cikawa. An kuma sake duba ɗaurin kan inji, aka gwada matsin kowace silinda, huɗun suka zo kusa da juna.

Da yake allurar dashbod a motoci da yawa takan lafe a tsakiya ko zafi na hawa, sai ya yi nisa take motsi, an sa ƙaramar na'ura a soket ɗin gwajin kwamfutar motar mai nuna zafin ruwa da lambobi.

A birki an juye tsohon mai gaba ɗaya aka sa DOT 4 daga sabuwar kwalba, an fitar da iska daga taya mafi nisa zuwa mafi kusa. An canza faifan gaba biyu da suka yi shuɗi, an saita takalman baya, an saita bawul ɗin lodi. Tayoyi biyar sababbi aka sa, 195R15C masu lamba 106, kowace na ɗaukar kilo 950, ana ba su iska da safe kafin su yi zafi bisa abin da takardar jikin ƙofar direba ta nuna.

Na ƙarshe shi ne tuƙi. Dattijon ya zauna gefen jikan, sannan gefen Alhaji, suka sauka Hawan Kibo suka hau. Dokokinsa kaɗan ne. Giyar da za ta hau da kai ita za ta sauko da kai, kuma a shiga ta tun kafin gangara ta fara. Birki a taka da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, kada a jingina ƙafa a kai. A hawa a sauke giya inji ya yi juyi da sauri, kada a danne totur a babbar giya. In zafi ya hau a tsaya a bar inji na aiki fankoki na juyawa, sai in ruwa na zuba ne a kashe. Murfi ba a taɓa shi sai hannu ya iya riƙe babban tiyon lagireto.

Sakamako: Oktoban 2024 zuwa Janairun 2025

A gwajin Hawan Kibo da cikakken lodi, da rana, zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 88 da 96. A gangara da lamba uku da biyu, ba wari, gangunan baya kuma sun yi zafi yadda ya kamata, alamar sun shiga aiki.

A Janairun 2025 suka koma Mambila. Sun bar Serti bayan sallar asuba, suka fara hawa daga Mayo Selbe rana ba ta yi ƙarfi ba, AC a kashe, lamba biyu mafi yawan hanya. Lamba mafi girma da na'urar ta nuna 99 ce, suka tsaya sau ɗaya na minti goma inji na aiki, ta sauko 90. Suka wuce Maisamari da Nguroje suka isa Gembu kafin azahar. Ba a ƙara ruwa ba har suka dawo Jos. Shan mai a doguwar hanya ya tashi daga kimanin kilomita 6 a lita zuwa kusan 8.

Akwai abin da aka rasa. Lita 80 ta ruwa kwana biyu take yi wa mutum uku, dole a riƙa neman famfo. Ba janareta, ba abin da ya wuce fanka da dare, don haka tafiya kwarin Binuwai a bazara ta fita daga tsari. Motar kuma har yanzu mai jan tayoyin baya ce kawai, cikinta kusa da ƙasa. In za a bar kwalta a shiga ƙauyukan tsaunin, ajiye ta ake yi a gari a ɗauki hayar tsofaffin Land Rover ɗin da suka saba da wurin, ko babur. Tafiya da rana kawai suke yi, kwana kuma cikin shingen sansani ko gidan wanda aka sani.

Hukunci

Zafin inji, ɓacewar birki, fashewar taya da sakin sitiyari an kai su wurin masu gyara daban-daban, kowa ya duba nasa. Tushensu ɗaya ne, kilo 3,700 a kan motar da aka ƙera don 3,200, da kuma inda aka ajiye nauyin. Tankin da ke bayan aksul yana danne baya yana ɗage gaba, shi ya sa fitilu suka kalli sama sitiyari ya yi sako-sako. Awon da ya bayyana wannan bai ɗauki rabin sa'a ba, kuma da an yi shi a Yunin 2023 da kafinta bai yanka falle na biyar ba.

Tsauni ya ƙara tsananta abin ta hanya biyu. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tsawo, saboda iska na yin sirara. A Jos ma an riga an rasa fiye da kashi 10, a Mambila, mai matsakaicin tsawon mita 1,600, abin ya fi haka. Ga ƙarin kaya ga ragin ƙarfi, sai totur ya daɗe a ƙasa mota na rarrafe, iskar da gudu ke turawa cikin lagireto babu ita. Na biyu, ruwa na tafasa da wuri, ana rasa wajen digiri 1 a kowace mita 300, a Jos kusan 96 ke nan maimakon 100. Murfin lagireto mai lafiya shi ke riƙe matsi ya ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120. Murfin da robarsa ta tsage ya mayar da motar tana tafasa a zafin da lafiyayyen inji ke aiki a cikinsa kullum. Shi ne abu mafi arha a duk jerin, shi ne kuma aka ɗauke daga tsohon lagireto aka ɗora wa sabo.

Cire tamostat bai ƙara wa lagireto ikon fitar da zafi ko kaɗan ba. Abin da ya yi shi ne ya hana inji ɗumama a cikin gari, kwamfuta ta riƙa ƙara fetur tana zaton har yanzu safiya ce, allura kuma ta kwanta ƙasa ta ba da kwanciyar hankalin ƙarya. A injina da yawa ma gindin tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, in babu shi wani kaso na ruwan zafi zagayawa kawai yake yi. Haɗin dairek ya ƙarar da fanka ɗaya da aikin da ba a buƙata. Lagireto mai layi biyu ba laifi ba ne a kansa, amma da aka yanke keji sai fanka ta riƙa jan iska ta gefe maimakon ta cikin haƙarƙari. Lanƙwashewar kan inji kuwa aikin mintunan da aka ci gaba da tafiya allura na hawa ne, da kashe inji farat ɗaya, da ruwan sanyin da aka kwara wa alminiyom mai zafi.

Ƙarin ganyen sifirin shi ne gyaran da ya fi haɗari, don ya ɓoye alamar da ido ke gani ya kuma ruɗi bawul ɗin lodi. Bodi ya ɗagu, bawul ya ɗauka motar ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi, na gaba suka ɗauki kusan dukan aikin. Gangar bayan da jikan ya taɓa ya ji ɗumi kawai ita ce shaidar. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne: mota mai kilo 3,700 in ta sauko mita 1,000, zafin da dole ya fita ta wani wuri ya isa ya kai lita 100 na ruwa ga tafasa. In giya na ciki inji na ɗauke kaso mai yawa, in firi ne duka a kan birki yake sauka. Man birki kuma yana shan danshin iska da shekaru. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya sha ruwa kan sauko zuwa 140, DOT 4 kuwa 230 da 155. Da ya tafasa ya zama tururi sai feda ta nutse, da ya huce sai birki ya dawo, wanda shi ya sa aka zaci canza fata ya wadatar. Sakin firin ma bai rage shan mai ba, domin injin da kwamfuta ke ba mai yana yanke fetur gaba ɗaya in ana gangara cikin giya ƙafa ba ta kan totur, a firi kuwa sai ya sha don kada ya mutu.

Injin dizal da aka so sawa da ya ja hawan da sauƙi, amma da bai taɓa birki da tayoyi da sitiyari ba, ya ma fi na fetur nauyi a kan tayoyin gaba. Rarar kilo 420 da motar ke da ita yanzu ita ce abin tsaro, kuma tana cinyewa a hankali: buhun dankali daga Nguroje, tsarabar shayi, kujerun roba, ƙarin fasinja. Saboda haka aka rubuta nauyin gaba da na baya a takarda aka manna a cikin ƙofar direba, ana komawa sikeli kafin kowace doguwar tafiya, man birki kuma ana juye shi duk shekara biyu ko bai yi baƙi ba.